Bashin da Bishiya Ta Ci

A Kajaani, shekarar da dusar ƙanƙara ta kai gwiwa,
farar bishiya ta ƙi bin hanyar da aka sara mata,
ta faɗo kan ƙafar babana, Aulis.
Ya ce ƙara ya fara ji kafin zafi,
kamar an taka busasshen reshe.
Shekarata tara. Ni na riƙe masa hula
har motar asibiti ta iso.

Likitocin Oulu suka ce ƙashin ya bar giɓi,
faɗin yatsa uku, bakin nan ba ya jin kiran wancan.
Suka yanko wani daga ƙugunsa suka cike.
An haƙa rami don a rufe rami.
Tun ranar ciwo biyu yake kiwo,
ƙafa da safe, ƙugu da daddare.

Yau ni ce a Oulu, hawa na uku, cikin farar riga.
Nakan dafa ɓawon itace da tsokarsa har su saki jiki,
in tace, in niƙa, in sake niƙawa,
sai zaren da ido ba ya gani
ya kwanta a kwalba kamar farin koko.
Selulos ake rubuta shi a takarda.
Baba ya ce, ai itace ne, ku daina ja masa suna.

Shi kaɗai laushi gare shi.
Sai na haɗa shi da farin gari,
irin allin da ƙashi ke gina kansa da shi,
in daskarar, in zuƙe ruwan,
a bar ni da soso mai ƙofa dubu
wanda bai fi kan ɗan yatsa ba.
In ƙofa ta matse, ƙwayoyin ƙashi su tsaya waje.
In ta yi faɗi, gidan ya marmashe a hannu.
Wata goma sha huɗu ina neman tsakiya.

Wata Talata, ƙarfe goma rana ba ta ko leƙo ba,
na sa ido a madubin awo.
Ga su nan.
Sun miƙe ƙafa a kan zaren kamar gidan ubansu,
har sun fara tara alli a lungu.
Na zauna daɓas a ƙasa.
Marjut ta jefar da kofinta, ta zaci suma na yi.

Na kai masa ɗaya a ƙaramar kwalba.
Ya juya shi, ya sansana.
Wace bishiya ce?
Na ce irin taka.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
Ashe za ta biya bashi. Yaushe za a sa mini?

Na ce ba yanzu ba, Baba.
Saura zomaye, saura tumaki, saura shekaru,
kuma jikin mutum bai iya narkar da itace ba,
wannan ƙullin ma ban kwance shi ba tukuna.

Ya daɗe yana kallon taga.
Ya ce waɗanda na dasa bayan sara,
su ma ba ni zan sare su ba.
Ya ajiye kwalbar kusa da magungunansa,
ya lalubi sanda,
ya ɗingisa ya ƙara wa murhu itace.