Abin da Gara Ta Bari

Ranar da muka jawo akwatin Baba daga ƙarƙashin gado,
a gidanmu na Samaru, bayan layin masu walda,
muka tarar gara ta riga mu karatu.
Ta huda bangon littafi bakwai, ta yi hanya ta ciki,
siririn rami daga Jamus har ƙasar Sin,
ba biza, ba kuɗin jirgi.

Koyon injin ban ruwa ya kai Baba Jamus.
Ya dawo da takardar shaida, da tari, da waɗannan.
Inna Dije ta ce a ƙone su kafin gara ta hau rufi.
Na ce a ba ni kwana arba'in, ni da tsohon ƙamusunsa.
Yau wata tara ke nan.

Bajamushe ba ya gaggawa.
Sai ya ɗauko jimla tun daga Ƙofar Doka,
ya bi da ita ta Tudun Wada,
yana ɗora mata sharaɗi bisa sharaɗi
kamar lodin motar Giwa ranar kasuwa,
sai can Samaru, kina haki,
ya sauke miki aikatau.
A nan na gane mahaifina,
mutumin da zai yi ta zancen taki da farashin masara
tun la'asar har kiran magariba,
sai na sa takalmi zan fita
ya ce, "Asabe, na yi kewarki."

Shi kuwa tsohon Sin, cikin Jamusanci na same shi,
baƙo sanye da rigar aro.
Layi uku ya faɗa, ya ja bakinsa,
ya bar rabin shafi fari fat.
Da farko na ce rowa ce.
Sai da damina ta yi nisa na lura
tsakar gida ce ya share mini
in sami inda zan shimfiɗa tabarma.

Wancan yana tambayata:
wa ya ce abin da idonki ya gani shi ne abin?
Wannan yana tambayata:
kin leƙa maƙwabciyarki mai ciwon ƙafa?
Na rasa wanda zan fara amsa wa.
Na rufe su duka biyu, na tafi cefane.

A gefen shafi, da jan biro, Baba ya sa baki da ajami.
Inda Bajamushe ya gina hujja hawa huɗu,
ya rubuta, "To, sai me?"
Inda tsohon Sin ya yabi haƙuri,
ya rubuta, "Bai taɓa jiran fansho ba."
A wani wurin lissafi ne kawai,
kuɗin makarantata na zangon farko,
an soke, an sake, an soke.

Akwai shafin da gara ta cinye tsakiyarsa.
A samansa Bajamushe na tambayar mene ne 'yanci.
Na ɗora shi kan littafin Sin yadda suka kwana shekara talatin,
na leƙa ta hudar.
Kalma ɗaya ce ta bayyana: shinkafa.
Na yi dariya har Inna ta ɗaga labule,
ta ga idona, ta saki labulen, ba ta ce komai ba.

Jiya na sauka bakin Kubanni da yamma.
Injin da Baba ya kafa yana nan, tsatsa ta yi masa lalle,
wani kwaɗo ya mai da bututunsa ɗaki.
Jatau mai kamun kifi na gyaran koma,
ya ce, "Malama, me kike karantawa haka kullum?"
Na ce wasiƙa ce.
Ya ce, "Wasiƙa mai kauri haka? Me aka ce miki?"
Ruwa ya taɓa min yatsun ƙafa, ya wuce abinsa.
Na ce, "Ban sani ba tukuna, Jatau.
Ban kai ƙarshen jimlar ba."