Fatar Karfasa

Shekara goma sha tara ina kankare kifi a Ijora,
bayan ɗakin ƙanƙara, inda kwata ba ta bushewa.
Tsoka ta masu kuɗi ce,
kai na masu miya,
fata da ɓawo kuwa rabon ƙuda ne da kuliyoyi,
saura ruwan sama ya ja zuwa ƙarƙashin gada.

Ran nan wata ta zo da farar kula,
Morenike, 'yar Epe, mai shuɗiyar safar hannu.
Ta ce fatar karfasa take so, kar wuƙa ta huda ta.
Na ce, miyar me za a yi?
Ta yi dariya, ta ce ba ta tukunya ba ce.
Na soke ɗari biyar ɗinta a aljihu
ina cewa a raina, Ikko ta sake zautar da wani.

Sai ga Tabawa, autata.
Ran Laraba kaskon suya ya goce,
mai ya bi ta daga gwiwar hannu har tsintsiya.
Ba ta yi ihu ba.
Shirun nan har yau yana tashina cikin dare.

A asibiti na ga farar kular a kan tebur.
An wanke, an tsarkake, in ji su,
gwaji ne, Baba, sai in ka yarda.
Na sunkuya na shinshina, babu ƙarni.
Amma na gane yankan:
wuƙata na ɗan karkata hagu wajen wutsiya
tun da bakinta ya ɓalle bara.
Na dangwala yatsa.

Kwana goma sha ɗaya hannun 'yata na sanye da zanen ruwa.
Yaran ɗakin suka sa mata 'Yar Kogi.
Ba a ɗaye mata bandeji kowace safiya ba
tana cizon bakin zani,
abin da na fi tsoro ke nan.

Tabo ya saura, ba zan yi ƙarya ba,
amma siriri ne, a kwance,
kamar sawun tururuwa a jiƙaƙƙen yashi.
Hannun na miƙewa, yana ɗaura ɗankwali.

Yanzu sau biyu nake wasa wuƙa kafin asuba.
Ilu maƙwabcina ya ce yanga ta kama ni,
kifi ɗaya sai ka ce ɗinkin Sallah.
Ban tanka masa ba.
Ni dai ban san hannun wa nake yanka wa riga ba.