Layi na Dubu Huɗu da Sha Biyu

Ottavio, yau ma ruwa ake yi a Kopenhagen,
siririn nan mai jiƙa mutum bai sani ba.
Na jingine keke, na hau bene,
na kunna kwamfuta tun ban cire rigar sanyi ba.

Shekara ashirin da bakwai ke nan
da faks ɗinka na farko ya fito daga Torino,
rabin lissafin ya dusashe,
a gefe ka rubuta: kin yi kuskure.
Kwana uku ina fushi.
Ran na huɗu na ga gaskiyarka,
ban faɗa maka ba sai bayan shekara tara.

Mahaifiyata ta rasu tana zaton talabijin nake gyarawa.
Ta ina zan fara yi mata bayani?
Kunnuwa muke ƙerawa da lambobi,
eriyar da maƙeri bai taɓa ba tukuna,
mu lanƙwasa faifanta a cikin manhaja,
mu gasa shi a rana, mu jefa shi inuwa mai daskarar da ƙarfe,
sannan mu tambaye shi:
in ka yi nisa, za ka ji mu?
Don abin da aka harba sama
ba a kiransa ya dawo gyara.

An ce zumunci a ƙafa yake.
Namu a waya ya rayu.
Sau goma sha ɗaya muka ci abinci tare, na ƙirga,
kuma kullum sai ka raina kofinmu.

Ka tuna ɗakin gwaji na Noordwijk?
Bango duk ƙayoyin soso shuɗɗa,
ko tari ka yi ba ya dawo maka.
Zane biyu a allo,
ɗaya abin da muka yi hasashe, ɗaya abin da aka auna,
suka kwanta kan juna kamar tafin hannu biyu,
sai wani ɗan tudu da ya ƙi.
Hunturu guda ka cinye a kansa.
Da ka murƙushe shi, ka bar rubutu
a layi na dubu huɗu da sha biyu:
Kada a taɓa. Ban san dalili ba, amma yana aiki.
Zan dawo kansa.

Ba ka dawo ba.
Kumbo biyar sun tashi da wannan layin a cikinsu.

Jiya Rasmine, wadda ba a haife ta ba ranar da ka rubuta shi,
ta jawo kujera kusa da ni, tana jin nauyin magana.
Ta gano dalilin.
Alamar ragi ce ka sa inda ya kamata a tara.
Can sama kuma, a wani sashe, ni ma na juya tawa.
Kuskure biyu, naka da nawa,
sun riƙe juna shekara ashirin
suna ba da amsar da take daidai.
Na yi dariya har na nemi hankici.

Da yamma na buga gidanka.
Fiorenza ta kara maka wayar a kunne,
ta ce tun da ciwon ya taɓa harshenka
sauraro ya zama sana'arka.
Na zayyana maka komai, layi bi layi.
Shiru.
Ban damu ba, mun saba,
saƙon kumbo ma yakan yi minti arba'in a hanya.
Can sai na ji iska ta fita ta hancinka sau biyu,
irin wadda kake yi in ka ci gardama.

Rasmine ta gyara duka biyun da safe.
Sakamakon bai motsa ba ko da ɗigo.
Ta tambaya ko ta share rubutunka.
Na ce ta bari.
Ƙarshen wata zan miƙa mabuɗin ofis,
ina so in bar wani a ciki
wanda ya ce zai dawo.