Kwano Biyu

Tasi'u, Malam Hamajam ya raba mana takarda,
ya ce kowa ya faɗi gaskiya a kan aikin ɗan'uwansa,
ban da zagi, ban da shafa zuma.
Bidiyon sharhinka ne ya faɗo hannuna.
Sau uku na kalle shi: ɗaya a aji, a Kongola,
inda fanka ta cinye rabin maganarka,
biyu a ɗakina a Domayo, a wayata mai fasasshiyar fuska,
har tsohuwar fim ɗin ta samu tsaga a kumatu.

Bari in fara da mai daɗi.
Ka ga ƙofar.
Mu ashirin da uku muka kalli fim ɗin nan,
kai kaɗai ka lura ba a sake rufe ƙofar gidan ba
tun ranar da ɗanta ya bi motar kifi zuwa Maga.
Ka jero mana ita da asuba, da azahar, da cikin ruwan sama,
har na ji kunyar idona.

To amma.
Minti na huɗu, tana wanke-wanke a bakin rijiya,
mai fim ya kame bakinsa,
ba kiɗa, ba magana, sai toka da soso.
Kai kuwa ka hau shirun nan
kamar mai babur a gadar Kaliyawo, kana danna hon:
alama, alama, alama.
Na ƙirga, sau tara.
Wai kwano ƙasarmu ce, ruwa tarihi ne,
toka kuma, wallahi na manta, mulkin mallaka ko?
Kana can kana jibga wa kwano kaya
ba ka dubi hannunta ba.
Koma ka duba.
Ita kaɗai ta ci tuwon.
Kwano biyu ta wanke.

Na san inda ka samo manyan kalmomin,
littafi ɗaya muke aro, mai yagaggen bango.
Ni ma na sha saka su kamar takalmin biki,
suna cizona ina murmushi.

Sai minti na bakwai,
inda aji ya kwashe da dariya
har Balkisa ta daki benci.
Kana tsaka da bayanin haske da inuwa
sai ga muryar innarka daga tsakar gida:
"Tasi'u, ruwa ya zo a famfo, kawo bokiti!"
An ji ka ja kujera.
Daƙiƙa goma sha ɗaya babu kai.
Tsohuwa tana kallon ƙofa,
ruwa yana zuba a bokitin gidanku.
Ka dawo kana haki, ka ce, "Ina muka tsaya?"

A wurin mai shayi ka ce mini za ka yanke wajen,
wai caji ne ya ƙare maka ranar.
Kar ka yanke.
Nan kaɗai ka bar ta ta yi kewar ɗanta
ba tafinta a kanta.
Kuma a wani gida, an kira wani ɗa, ya amsa.

Sauran ƙanana ne.
Rubutun ƙasa rawaya ne a kan yashi, ba ya karantuwa.
Sunan mai ɗaukar hoto ka rubuta shi iri biyu.
Akwai akuya a minti na tara, ban san ta wa ba ce,
taka ko ta fim.

Malam ya ce maki bisa ashirin.
Na sa sha uku, na goge,
na sa sha huɗu saboda bokitin.

Laraba mai zuwa nawa za a haska.
Sau shida na ce alama a ciki,
kuma ni ba wanda ya kira ni.
Ka fiƙe fensirinka.

Zuwaira