Dillalin da Ba Ya Karɓar La'ada

Ƙarfe huɗun asuba a Akoka.
An ɗauke wuta, janareta na tari a bayan ɗakin gwaji,
ni da Morenike muna gadin bututu ɗaya
kamar masu jiran naƙuda.

A cikinsa garin tagulla ne, bai cika cokalin shayi ba.
Ta nan muke turo iskar da huhu ya sallama,
wadda danfo ke amayarwa a Oshodi,
ta can kuma haidurojin.
Su biyun ba sa ga-maciji.
Ka kulle su ɗaki guda shekara dubu,
ko gaisawa ba za su yi ba.

Ran Juma'a a rumfar albasa, kasuwar Mile 12,
Baba ya ce, "Hansai, wace irin tukunya ce
shekara huɗu a kan murhu, ba a ga tuwo ba?"
Na ce, "Sana'arka garin nan ya gada.
Mai kaya ya taho daga Aliero ya ɗaure fuska,
mai saye ta taho daga Mushin ta ƙulle bakin zani,
ka zauna tsakani,
ka kama hannun wannan, ka lallashi waccan,
har 'albarka' ta koma 'na sallama'.
Kowa ya tashi, kai kana nan bisa buhunka."
Ya ce, "La'adarsa nawa?"
Na ce, "Ba ya karɓa."
Ya yi dariya har hula ta zame:
"Wannan ba zai daɗe a Legas ba."

Bai yi ƙarya ba.
Bara farar wuta ta kutso, ƙwayar zarra,
dillalina ya kurumce,
aikin wata uku ya bi ruwa.

Yanzu dai ga shi:
ɗigo ɗaya a gindin kwalba, garau,
na biyu yana shawara.
Morenike ta duba allo, ta ce, "Metanol,"
a hankali, kada ya ji ya fasa.

Bai isa ya kunna risho ba.
Abin da janareta ta zubar a minti guda
ya fi abin da muka kama tun magariba.
Na san lissafin. Ni na rubuta shi.

Duk da haka na ɗauki hoton ɗigon na tura.
Ya amsa da murya,
motocin albasa na ruri a bayansa:
"An sallama ke nan?"

Na ce, "Baba, an dai fara tayi."