Mutumin da ke Tsakiyar Tuta

A ƙasan adakar Inna Dudu,
ƙarƙashin tasoshi da tandun kwalli,
na tono wani ƙyalle mai warin daɗewa,
kore da rawaya da ja a jere.
Na ce zan yanka in yi wa 'yar tsana zane,
ta ce, "Ajiye almakashi, wannan tuta."

Tsakiyar rawayan ga wani mutum
na baƙin zare, siriri kamar tsinke,
ba ido, ba baki, ba ko hula,
hannuwansa biyu a sama.
Na ce, "Addu'a yake, ko kama shi aka yi?"
Ta ce, "Wa ya isa ya bambanta?"

Demba Sisoko, kakana,
ya baro garinsu na bakin dogo
a daminar da Sanagal da maƙwabciyarta
suka karɓi 'yanci a ƙwarya ɗaya,
suna ɗaya, hatimi ɗaya.
Ya ɗaura niyyar Makka da ƙafa,
takarda a laya, gumba a burgami,
ƙyallen nan a ƙugu ya ɗaure ta.

Wata biyu.
Gero bai gama fid da kai ba.

Yana tsugune a wata tashar iyaka
wani mai kaki ya juya takardar,
ya hura mata iska, ya yi dariya:
"Malam, ƙasar da ta buga maka wannan
tun shekaranjiya aka raba gadonta."

Ya duba baya, ba inda za a koma,
ya duba gaba, rana na fitowa.
Sai wata daminar ya iso Nafada,
Gongola ta cika ta batse,
ya ce zai jira ruwa ya janye.
Ruwa ya janye sau arba'in da huɗu.
Mai fito ya ba shi rumfa,
ya ba shi keken ɗinki bashi,
daga baya ya ba shi 'yarsa kyauta.

Labari kan zo a makare, cikin rediyo,
yana tari kamar tsoho:
can yamma sun sa koren tauraro
a daidai inda mutumin yake tsaye,
su kuma na Bamako sun ɗauke shi,
sun bar rawaya fili fetal
kamar gonar da aka girbe.
'Yan rumfa suka ce, "To shi ina ya nufa?"
Demba bai ɗaga kai daga keke ba,
ya ce, "Ga shi nan yana muku kalmasa,
ku biya shi sulensa ku fita."

Ni na gaji keken, na kawo shi Gombe.
In kakar zaɓe ta kama
har asuba ina taka shi:
yau jam'iyyu uku sun haɗe,
a sa mana hannu cikin hannu,
a ƙara shuɗi, a rage fari,
ɗari biyar kafin Laraba.
Kafin Laraba an yi baram-baram.
Ga su nan jibge bayan ƙofa,
ba mai zuwa karɓa, ba mai biya,
na kan yi wa filo ciki da su.
Ba na fushi. Na san kwanan tuta.

Jiya na shimfiɗa ta Demba a cinya.
Asu ya ci koren, jan ya koɗe,
zaren hannun hagu ya warware,
hannun ya sauko har gwiwa.
Na zura baƙin zare a allura,
na kai bakinta daidai kafaɗarsa,
sai na tsaya.

Shekara sittin da ɗoriya
yana ɗage da hannu a cikin duhu,
ba wanda ya ce amin,
ba wanda ya ce sauke.

Na soke allurar a gefen ɗankwali.
Ɗayan ma, in ya ga dama, ya huta.