Takarda ta Takwas

Ƙarfe bakwai na safe, ɗakin gwaji, asibitin Tawa.
Na buɗe akwatin ɗumi kamar mai duba ƙullu ko ya tashi.
Ya tashi.

Jiya na shafa ruwan gyambon Nomau a faranti,
na dasa ƴan takardu takwas, kowace da maganinta.
In magani na da sauran ƙarfi
fili yakan buɗe kewaye da shi,
kamar daren da wata ya yi sansani.
Yau babu sansani.
Sun ci har gindin ta ɗaya, sun haye ta biyu,
ta bakwai sun yi mata rumfa.

Ta takwas na duba sau uku, na goge tabarau.
Ita ce wadda muke kullewa a kabad,
wadda ba a kiran sunanta sai an sayar da saniya.
Ita ma sun kwana a kanta.

Hauya ce kawai ta sare shi, a garkar albasa, can Tabalak.
Ya sayi kafso huɗu a tiren mai talla, ja da rawaya,
biyu ya haɗiye, ɗaya ya barbaɗa,
ɗaya ya ajiye don akuya.
Ban ga laifinsa ba.
Mu ma nan mun yi ta bayarwa don a tafi da murna,
mura ma allura.

Su kuwa ba su da rowa.
Wadda ta tsira takan ba ƴar'uwarta laƙani
kamar maƙwabta masu ɗibar wuta a kasko,
daga gado zuwa gado, daga buta zuwa mariƙin ƙofa,
daga hannuna, in famfo ya ɗauke.

Tsahara na zaune a gindin bedi tun asuba,
da kwanon fura da bai sha ba.
Ta hango farar rigata, ta miƙe, ta gyara lulluɓi.
"Malam, wanne za mu saya?"
Kuɗin na ƙulle a bakin zane, jika goma sha biyu,
na ga tudun ƙullin.

Takardar na hannuna, harafi ɗaya sau takwas.
Na ce mata likita zai yi bayani.
Na koma ciki na wanke hannu har gwiwa,
na daɗe ina wankewa.
Akwai faranti goma sha ɗaya da ban buɗe ba.